Allurar La'asar

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo kuna cewa Luba ta cika sanyin hali, wai in ba za ta iya ba ta matsa ku shigo labarin ku rama mata, to na ji ku. Hajiyar da ta ce za ta biyo ni har Dilimi ta ƙwace wayar ta ƙarasa rubutun da kanta, ƙofa a buɗe take, ki dai taho min da dankali.

Ga waɗanda yau suka shigo: Lubabatu, wadda kowa ke kira Luba, ita ta kafa shirin mata na yamma a wani gidan talabijin mai zaman kansa a nan Jos, ta yi shekaru tana gabatar da shi. Mansura aminiyarta ce, Luba ce ma ta yi tsaye aka ɗauke ta aiki a wurin. Mansurar ce ta yi ta mata mitar layukan nan biyu da ke tsakanin girarta, wai kyamara na nuna ta kamar mai fushi da masu kallo, har ta ja ta aka yi mata allurar da ake kira botoks, mai kwantar da layin goshi. Ba a jima ba fatar idon Luba ta hagu ta sauko ta rufe mata rabin ido. Tun daga nan Mansura ke riƙon shirin, kuma yau da yamma za a bar mata kujerar gaba ɗaya.

*

Mai keke-napep bai gama tsayawa a Tina Junction ba Luba ta diro. Ta ratsa masu gasa masara da 'yan acaɓa ba ta kalli kowa ba, ta haye benen da shagon gyaran fatar yake.

A buɗe ta same shi. Abin da ya fara ƙona mata rai ke nan, don Mansura ta rantse mata cewa mai shagon ta rufe ta gudu Anaca, wai hukuma na nemanta. Da ba don Firisila mai yi musu kwalliya a wurin aiki ta ce jiya ta wuce ta ga ana shiga ana fita ba, da har yanzu tana gida tana tsine wa matar da ba ta je ko'ina ba.

Nkoli, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta bar asibiti ta kama wannan sana'a, tana zaune ita kaɗai tana cin masara. Luba ba ta yi mata sallama ba. Ta zare baƙin gilashin da ta daɗe tana ɓuya a bayansa.

"Kalle ni da kyau. Aikinki ne."

Nkoli ta ajiye masarar ta goge hannu. Ta matso ta sa yatsa ta ɗaga fatar idon a hankali, ta saki, fatar ta sake saukowa. Ta tambaye ta me ya hana ta dawowa tun ranar da abin ya fara. Luba ta maimaita mata zancen Anaca da zancen hukuma, ta ƙara da cewa in ma da can ƙarya ne, to yau zai zama gaskiya, don ba za ta kwana ba sai ta ga an garƙame shagon nan.

"Ni, Anaca? Madam, tun Kirsimeti ban bar Jos ba," in ji Nkoli. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya. "Abeg zauna. Gaya min me ka yi bayan ka fita nan."

Luba ta ƙi zama. A tsaye ta ba ta labari, tana yi tana huci. Ba ta yi komai ba sai abin da aka ce ta yi. Daga shagon gidan su Mansura suka wuce a Nasarawa Gwom, suna shiga ana kiran la'asar. Mansura da kanta ta shimfiɗa mata sallaya, ta ce ta daɗe a sujada ta roƙi Allah ya sa gyaran ya karɓe ta. Da ta idar, Mansura ta kawo tawul da ruwan ɗumi ta gasa mata goshin, ta murza mata shi sosai daga sama zuwa ƙasa, ta ce haka Nkoli ta ce a yi don maganin ya ratsa ko'ina. Bayan magariba suka sake, bayan isha'i ta sake da hannunta a gida.

Wannan karon Nkoli ce ta nemi kujera ta zauna.

"Ni ne na ce a murza?"

"Haka ta ce min."

"Abu biyu nake gaya wa kowa. Kar ka taɓa wurin, kar ka kifa goshi a ƙasa sai an jima sosai. In an murza, magani zai iya gangara ya kama ido. Shi ya sa Musulmi duka da safe nake ba su. Sun yi asuba, kafin azahar ya zo magani ya zauna. Kai ma safe na ba ka. Abokinka ne ya kira ya canza."

Luba ta dafa kan tebur. Ta tuna ranar sarai. Mansura ce ta kira ta da sassafe ta ce mai allura ta ɗaga lokaci zuwa yamma, mutane sun yi mata yawa. Ta kuma tuna lokacin da aka gama, Nkoli ta buɗe baki za ta yi mata bayani, Mansura ta tari numfashinta ta ce ta bar shi, ita za ta yi mata da Hausa mai kyau a hanya, kar su makara.

Luba ta ce wataƙila Mansura ba ta sani ba. Ita kanta ba ta san me ya sa ta faɗi haka ba, wataƙila saura ne na amincin shekaru. Ta ce ai Mansura ba ta taɓa yin allurar nan ba, a wurin wata ƙawarta ta ji labari.

Nkoli ta yi wata 'yar dariya da babu daɗi a cikinta.

"Mansura? Yana cikin kwastoma na na farko. Wa ya koya min zancen sallah? Ni coci nake zuwa, ina zan sani? Shi ne ya tambaye ni ranar farko, ya ce sujada fa. Shi ko safen ma bai yarda da shi ba. Ba ya zuwa sai lokacin da ba ya sallah."

Jama'a, ku tsaya ku ji wannan da kyau, don ni da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Mace ta san abin nan ciki da waje, har ta ƙi yarda ta kai nata goshin sai tana fashin sallah. Sannan ta ɗauki aminiyarta ta kai ta dab da la'asar, lokacin da salloli ke bin juna, ta shimfiɗa mata sallaya da hannunta, ta zauna a gefe tana kallo. Akwai mugunta iri-iri, amma wannan sai an zauna an yi mata tunani.

Luba ba ta yi kuka ba. Addu'ar da ta yi ranar ce ta faɗo mata. A cikin sujadar nan da ta daɗe, bayan ta roƙa wa kanta da mijinta da Inna mahaifiyarta, har Mansura ta saka a addu'a. Ta roƙi Allah ya buɗa mata, ya ba ta nata shirin ita ma ta daina zaman jiran wani.

"Da sallata ta cuce ni," ta ce a hankali, ba da Nkoli take ba.

Nkoli ta amsa nata laifin ba tare da an matsa mata ba. Ta ce bai kamata ta bar wa kowa bayanin ba, bakinta ya kamata ya faɗa, kunnen Luba ya ji. Ta ce idon zai tashi in maganin ya sake shi, sai dai a hankali, kuma ta je ta ga likitan ido, akwai abin da sukan bayar a ɗiga ya ɗan taimaka. Luba ta ce ido zai jira, kujerarta ce ba za ta jira ba.

Sai ta ja kujera ta zauna daf da Nkoli, ta sauke murya. Ta ce abu ɗaya take so. Ranar da Mansura ta dawo, a yi mata irin wadda za ta sauke mata ido biyun, ita kuma ta manta da zancen hukuma har abada.

Nkoli ta girgiza kai. Ta ce ta rufe shagon in ta ga dama, amma hannunta ba zai soki mutum da niyyar ɓata shi ba. Ta ƙara da cewa ko da za ta yarda ma an makara, satin da ya wuce Mansura ta zo aka sabunta mata, sai kuma bayan watanni.

Luba ta ɗago.

"Satin da ya wuce?"

"Ya ce sabon aiki na zuwa, a sa masa da yawa. Goshinsa yanzu kamar tayil."

"Ba ya motsi?"

"Ko an mare shi ba zai motsa ba."

Luba ta mayar da gilashinta. A daidai nan wayarta ta yi ƙara, sunan da ta sa wa Mansura tun suna makaranta ya fito, Ƙawar Rai. Ta ɗauka.

Muryar nan kamar an zuba mata zuma. Mansura ta tambayi jiki, ta ce jiya ba ta yi barci ba don tunaninta. Ta tuna mata cewa Oga Dung, shugaban shirye-shirye, yana so ta shigo shirin yau ta yi sallama da masu kallo, ta miƙa amana a gaban kowa, a yi mata addu'a. Ta ce in ba za ta iya ba kar ta takura kanta, ita za ta isar mata da gaisuwa. In kuma za ta zo, kar ta manta gilashi, don kar mutane su tsorata.

Tun da safiyar yau Luba ta riga ta yanke cewa ba za ta je ba.

"Ina zuwa, ƙawata," ta ce. "Ai ba za a yi ba ni ba."

*

A cikin keke ta yi lissafin abin da za ta rasa, kuma ba kaɗan ba ne. Jabir mijinta bai san zancen allura ba. Tun ranar da ta fara yi masa ƙorafin goshinta ya ce kar ta kuskura ta taɓa, shi haka ya gan ta ya aura. Ciwon ido ta ce masa. Inna kuwa ta ɗauka jifa ne, kullum tana hanya da gorar tofi, ta rame saboda tashin dare. Kuma duk yamma talabijin ɗin shagon Jabir a Dilimi a kan shirinta yake, maƙwabtansa 'yan kayan mota sukan taru a benci suna tsokanarsa da mijin tauraruwa. In ta buɗe baki yau, a gabansu zai ji.

Ta auna wannan, ta auna hoton Mansura zaune a gefen sallaya. Na biyun ya fi nauyi.

Ta yi la'asar a ɗan masallacin gidan talabijin ɗin. Ta daɗe a sujada, sunan Mansura ya sake fitowa a bakinta, amma abin da ta roƙa yau daban ne.

Oga Dung ya tare ta a ƙofar ɗakin watsa shiri yana murza hannu. Mutum ne mai kirki iya gwargwado, sai dai masu talla sun fi kowa ƙarfi a wurinsa. Ya ce ta yi haƙuri, ta san aiki, ba yadda za a yi mai gabatarwa ta zauna da baƙin gilashi kamar mai gadin gwamna. Ya ce minti kaɗan za a ba ta, ta yi godiya, ta sa wa Mansura albarka, shi ke nan. Ta ce ba komai oga, ba za ta ɗau lokaci ba.

Mansura na kan kujerar tsakiya, ta sha leshi ruwan zuma, ɗaurin nan ya hau sama ya bar goshi a fili yana ɗaukar ido. Ta taso da gudu ta rungume ta, ta riƙe mata hannu har kujerar baƙi kamar mai jan makauniya. Luba ta bar ta ta yi.

Jar fitila ta kama, alamar an fara watsa shirin.

Mansura ta buɗe shirin da gaisuwar Luba, kalma bayan kalma, har da ɗan jinkirin da Luba kan yi kafin ta ce matan gida. Sannan ta karya murya ta shaida wa masu kallo cewa yau rana ce mai nauyi. 'Yar'uwarta, uwar ɗakinta, wadda ta koya mata riƙe makirfo, Allah ya jarrabce ta da larurar ido, za ta koma gida ta huta. Ta ce ita ba ta so kujerar nan ba, amana ce aka ɗora mata. Ta sa bakin mayafi ta share inda hawaye ya kamata ya kasance.

Aka buɗe layin waya. Wata dattijuwa daga Bukuru ta yi wa Luba addu'a mai tsawo har ta ba ta tausayi. Wani ya kira ya ce a gaishe da Oga Dung. Sai wata budurwa daga Unguwar Rogo, bayan ta yi wa Anti Luba sannu a gurguje, ta ce ita dai don Allah Anti Mansura ta faɗa musu sirrin fuskar nan tata, ko layi ɗaya babu.

Mansura ta sunkuyar da kai, wai kunya.

"Wallahi ƙanwata babu wani sirri. Hannun mutum bai taɓa taɓa fuskar nan ba. Alwala ce kawai, da yawan sujada."

Ni dai a nan na san Allah ne ya matse bakinta.

Luba ta sa hannu biyu ta zare gilashin, ta ninke shi, ta ajiye a kan teburin da ke tsakaninsu. Ta juyo ta fuskanci kyamara da ido ɗaya da rabi. Firisila da ke tsaye a gefe ta toshe baki. Ta bayan gilashin ɗakin injina Oga Dung ya ɗaga hannu zai ce a yanke a sa talla. Hannun ya tsaya a sama. Luba ta yi shekaru da mutumin nan, ta san ba zai iya kashe abin da gari zai kwana yana magana a kai ba. A hankali ya sauke hannunsa.

"Inna, ki daina wahalar tofi, ba jifa ba ne. Abban yara, ba ciwon ido ba ne. Allurar goshi na yi a ɓoye bayan ka hana ni. Ku yafe min, sauran maganar sai na zo gida."

Mansura ta kamo hannunta tana murmushi, tana cewa masu kallo su yi haƙuri, jikin ne, magungunan da take sha suna da ƙarfi. Luba ta zare hannunta.

Ba ta ɗaga murya ba. Da muryar da ta saba karanta saƙonnin masu kallo ta ba da labarin, tun daga lokacin safe da aka mayar yamma, zuwa sallaya, zuwa tawul da ruwan ɗumi. Ta ce duk macen da ke kallo ta sani, mai allurar da bakinta ta ce ba a murza wurin, ba a kifa goshi sai an jima. Ta ce wadda ta kai ta ta fi kowa sanin haka, don ita ba ta zuwa a yi mata nata sai tana fashin sallah.

"Ƙarya ne," in ji Mansura. Muryarta na rawa, wuyanta ya jiƙe da gumi. "Sharri ne da baƙin ciki. Ni ban taɓa yin wata allura ba, na rantse da..."

"Kar ki rantse, abin bai kai nan ba."

Luba ta gyara zama, ta juya kujerarta ta fuskance ta sosai.

"Wadda allurar nan ke jikinta ba ta iya haɗe gira, kowa ya gwada a gida ya ga yadda nasa ke yi. Na zo shirinki ranar farko, na kira ki maƙaryaciya kuma macuciya a gaban duk Jos. Ya kamata ranki ya ɓaci. To ɓata ran mu gani. Haɗe girarki sau ɗaya, ni kuma in tashi in ba ki haƙuri a nan, in bar miki kujerar har abada."

Layukan waya na ta walƙiya ba mai ɗauka. Ba wanda ya ba mai kyamara umarni, shi da kansa ya jawo hoton har goshin Mansura ya cika allon. Leɓenta na karkarwa, hancinta na buɗewa, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Daga gira zuwa bakin ɗankwali kuwa ko gezau.

Mansura ta kalli Oga Dung. Ya harɗe hannu a ƙirji. Ta kalli ƙofa.

Luba ta jingina da kujera, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yi a hankali, ƙawata. Muna jira."